Jagoran Mutumin Fika Mai Son Komawa Bakin Teku

Duk shekara idan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, ba a rasa wanda zai yi ajiyar zuciya a majalisa ya ce, "Wallahi ni dai bakin teku zan koma." Yawanci zafi ne ke magana, ruwan farko na sauka zancen ya bi iska. Amma akan samu mai taurin kai da zai riƙe maganar har bayan damina, ya fara tambayar kuɗin mota. To malam, kai nake nufi, gyara zama.

Kada kowa ya tsorata ka da cewa ƙaura baƙon abu ce a wurinmu. Fadar Moi Fika da kanta ta tashi daga Fika ta koma Potiskum a 1924. Sai dai manya da suka tashi ba su wuce inda ake noma gero ba, kai kuwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ka ɗauro. Wanda ya riga ka kama wannan hanya daga yankinmu shi ne Kogin Gongola: ya gangara Numan ya faɗa Binuwai, Binuwai ta kai shi Lokoja, Kwara ta ƙarasa da shi teku. Tun da yake tafiya ba a taɓa jin ya dawo ya ba da labari ba, saboda haka binciken naka ne.

Fara tabbatarwa garin da ka zaɓa yana da teku. Kada ka yi dariya. Kalaba a bakin kogi take, sai ka shiga jirgin ruwa ka yi tafiya kafin ka ga tekun. Epe, mai shahararriyar kasuwar kifi a jihar Legas, tafkin Lekki take kallo. Badagry ma, mai kwakwa da gidan benen nan na 1845 da ake kai 'yan makaranta kallo, ruwan da ke gabanta lagun ne, sai an tsallaka da kai a kwalekwale ka taka yashi kafin ka isa gaɓa. Idan ka kama haya a irin waɗannan garuruwa, ka sani ruwa dai za ka gani, amma hoton da za ka tura gida ba zai bambanta da na madatsar ruwan Dadin Kowa ba, kuma akwai ƙanin matarka da ya san Dadin Kowa.

Daga nan sai maganar ruwan sama, wadda ita ce ke raba mai niyya da mai cika baki. A wajenmu ruwan shekara guda ba ya kai milimita 1,000, ya zo cikin wata huɗu ya tafi, a yi masa addu'ar dawowa. A Kalaba da Oron abin na kusantar 3,000. Idan kuma ka leƙa Kamaru, kusa da garin Limbe akwai Debundscha, inda yake kai wajen 10,000. Can ba a roƙon ruwa, haƙuri ake ba shi. Ka wanke babbar rigarka ranar Litinin da nufin zuwa masallacin Juma'a, ranar Alhamis ka taɓa ta ka ji har yanzu da sauranta, ga wani wari-wari ya fara. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin Sallar da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi furfurar funfuna. Kilishi kuwa, Allah ya jiƙan rai. Kuma kada ka ɗauka ka tsere wa zafi. Namu zafin mai gaskiya ne, ya gasa ka, ka shiga inuwar dogon yaro ya ƙyale ka. Na can bin ka yake har cikin ɗaki, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan.

Iskar teku da ake yi wa kirari ita ma da gishirinta take tafe. Kwanon rufi, ƙyauren ƙarfe, kwaɗo, babur, janareta, duk abincinta ne. Babur ɗin da ya yi shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Fika da Gadaka ba tare da ya yi tari ba, ka ba shi damina biyu a can ka ga yadda zai koma ja.

A nan ne zan ba ka sirrin da dillalai ba sa faɗa. Akwai wani yanki na gaɓar teku, daga wajen Akara zuwa gaba da Lome kaɗan, da Allah ya yi shi da ƙarancin ruwa, abin da ke sauka a shekara bai fi namu da wani abin kirki ba. Garuruwa irin su Keta a Gana da Aneho a Togo suna ciki. A yankin Keta har ƙananan albasa ake nomawa a kan yashi ana ban ruwa, abin da zai sa mutumin Arewa ya ji kamar ya san wurin. Riga za ta bushe, daddawa za ta yi auki. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: teku ya daɗe yana cin Keta. Ya lashe unguwanni, ya ɓantare wani sashe na ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, sai a farkon shekarun 2000 aka jibge masa duwatsu don ya saurara. A gida Najeriya ma ga Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, wanda teku ke haɗiye gidajensa layi bayan layi.

Don haka idan ka zo sayen fili, ka yi yadda kake yi a karar Potiskum ranar Laraba, inda ba ka biyan kuɗin sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora. Teku na cika ya janye sau biyu a kwana guda. Dillali zai kai ka lokacin da ya janye, ya buɗe hannuwa ya ce daga nan har can naka ne. Ka ce masa ka ji, ka je ka sha shayi, ka dawo bayan awa shida kai kaɗai. Idan ka tarar da yara suna kamun ƙaguwa a inda ka yi niyyar sa ɗakin uwargida, ka yi wa kuɗinka addu'a ka mayar aljihu. Ka kuma nemi wani tsoho a unguwar ka tambaye shi inda makarantar firamarensu take. In ya nuna maka cikin ruwa, ka gaishe shi da kyau ka kama hanya.

Za a yi maka daɗin baki da rijiya, kuma a nan zuciyarka za ta yi rauni, domin kai ka san abin da ake nufi da haƙa gaba da gaba a ƙasarmu kafin a ga danshi. Can ɗan taƙi kaɗan za a haƙa ruwa ya ɓulɓulo. Ka ɗanɗana kafin ka yi hamdala da ƙarfi. Sau da yawa ruwan zartsi ne, ba ya shayuwa, sabulu ma ba ya kumfa a cikinsa yadda ya kamata.

Shanu ka bar su a gida. Ƙudan tsando na kurmi ba ya wasa da farin sa, shi ya sa shanun can gajeru ne 'yan dugwi-dugwi. Bonny da Brass kuwa ka tsallake su, sai in kana da ɗan'uwa a kamfanin gas ko na mai, domin farashin haya a irin waɗannan wurare ba da kai aka yanka shi ba.

Abinci shi ne zai yanke hukunci. Kifi ba zai ba ka tsoro ba, ka saba da bandar Gashuwa da ta Baga. Abin da zai gwada imaninka shi ne ranar da maƙwabciya za ta aiko da miya don girmama baƙo, ka buɗe kwano ka ga ƙaguwa ta miƙo hannu, ga ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa ana furzar da ɓawo. Ka yi godiya, ka yaba, ka ce yanzu ka tashi daga kan abinci. Maganin wannan duka ɗaya ne, kuma shi ne ainihin ma'aunin zaɓen gari: kafin ka tambayi ina teku, tambayi ina zango. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a bakin teku ɗan garinka shi ne mai shayi da mai tsire da mai canji. A Kalaba Bogobiri ce, a Kwatano da Lome da Sekondi zango ake cewa kai tsaye. Nan za ka samu kuka da kuɓewa busasshiya, da limami, da Sarkin Hausawa da zai tsaya maka ranar da mai gida ya tashi ƙara haya. Nan ne kuma za ka ji an ga wata, don in ka ce sai ka gani da idonka cikin wancan hadarin, za ka yi Sallah ana shirin Layya. A Gana ma ka huta, koko da ƙosai da tuwo sun riga ka zama 'yan ƙasa.

In ƙetare ka zaɓa cikin ƙasashen ECOWAS, yarjejeniyarsu ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, bayan nan sai ka nemi takardar zama. Ka yi ta a kan lokaci. A 1969 Gana ta sallami baƙi marasa takarda, a 1983 mu ma muka rama, kuma jakar da aka kwashe kaya da ita a lokacin har yau ana sayar da ita a kasuwa, ba ta yi tsada ba.

Saura baƙi. Kada ka yi tunanin nisa zai kare ka. Direbobin tirelar Potiskum ba inda ba sa kai shanu, kuma ɗayansu na ganinka a zango labari ya isa gida kafin ya sauke kaya. Daga nan za a fara: wannan zai zo ganin likita, wancan zai zo neman aikin tashar jiragen ruwa, goggo kuma ta aiko a cika mata jarka da ruwan teku saboda ciwon ƙafa. Ka kama gida mai ɗaki ɗaya da falo, ka ce wa kowa mai gidan Bature ne mai kare. Jarkar goggo dai ka aika, ka haɗa da kwakwa biyar, ka biya direba kuɗin kaya, in ya dawo ya taho maka da buhun gero.