Gizo da Gurbin Aikin Kwastam

Ga ta nan, ga ta nanku.

Gizo dai kun san shi, ba ya noma, ba ya fatauci. Wata shekara kaka ta wuce rumbunsa ba ko zangarniya, matarsa Ƙoƙi ta sa shi gaba da mita, sai ya tattara ya kama ɗaki a Sabon Garin Zariya, can bayan kasuwa. Kullum da la'asar yakan hau bas daga PZ, ya wuce Kwangila da Palladan, ya sauka a Samaru, ya maƙale jikin katangar jami'a yana nazarin masu wucewa. Tun 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, har yau tana yaye ɗalibai. Wasu su je bautar ƙasa su dawo, su zauna a bencin mai shayi da takardunsu cikin leda, kowa kansa a sunkuye kan waya. Gizo ya ce a ransa, ga gona ta nuna ba mai tsaro.

Ya sayi sabon layi, ya samo hoton Zaki sanye da kaki ya liƙa a WhatsApp. Ya rubuta cewa hukumar kwastam tana ɗaukar ma'aikata a asirce, gurbi ashirin aka ware wa Zazzau, kuma jibi za a rufe. Ya jefa saƙon a zaure ɗaya, ya koma ya kwanta. Kafin magariba, 'yan uwa da abokan arziki sun yi masa sauran aikin, kowa yana tura wa nasa da kyakkyawar niyya.

A Jama'a akwai wani Zomo, ɗa ɗaya tilo ga wata Zomanya mai suyar awara. Da kuɗin awarar nan ta kai shi har digiri. Yau shekara uku ke nan da ya gama bautar ƙasa, kullum sai ya goge takalmi ya fita, ya dawo da ƙura. Da saƙon ya iso masa, jikinsa har rawa yake. Ya latsa adireshin, ya ga tambarin gwamnati kore shar, ya cike suna, ya sa NIN da BVN. Aka ce kuɗin fom dubu biyar, ya tura. Washegari aka taya shi murna, sunansa ya fito, sai dai gwajin lafiya dubu ashirin. Bayan kwana biyu ga takardar kama aiki har da hatimi, a ƙasanta an rubuta cewa mai gurbin yana buƙatar dubu ɗari uku kafin a sa hannu, kuma kada a gaya wa kowa, saboda mahassada.

Zomo ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, wahalarki ta ƙare. Wannan kaɗai ya rage."

Zomanya ba ta yi musu ba. Ita ma tun tana yarinya take jin ana cewa aikin gwamnati sai da hanya ko da kuɗi. A nan ne nake ganin Gizo ya fi cin nasara, domin ba shi ya shuka wannan zance a zukatan mutane ba, tarar da shi ya yi ya yi tsiro, ya zo girbi. Ta kwashe adashinta, ta sayar da injin markaɗen da mijinta ya bar mata, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙa wa ɗanta tana sa masa albarka.

Ya nufi kasuwar Samaru wurin Bushiya mai POS. Tana zaune ƙarƙashin lema, na'urarta a cinya, da wani littafi mai maiƙo da take rubuta duk lambar da ta tura wa kuɗi. Zomo ya karanto lambar asusu. Ta danna, ta tsaya, ta buɗe littafin ta bi layi da farce.

"Ƙanena, wannan lambar kai ne na bakwai da ya kawo min ita tun Litinin. Kuɗin mene ne?"

"Yaya, ke dai tura. Wata harka ce."

"Su ma shidan haka suka ce min, har na fara jin tsoro. Dubi sunan da ya fito. Kurege. Yaushe gwamnati ta koma Kurege?"

Zomo ya ɓata rai, ya ce ai sunan yaron oga ne. Bushiya ta kife na'urar. Ta ce yau ko zai yi fushi ba za ta tura ba sai ya ga Baba Kunkuru.

Suka tafi wurinsa tare. Kunkuru tsohon masinja ne, ya yi ritaya bayan ya daɗe yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis. Ya gyara tabarau, ya karɓi wayar, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, kuɗin gwamnatin tarayya ba ya shiga asusun mutum. Tun 2015 asusun bai-ɗaya ake zubawa, ta Remita, a ba ka rasit. Shafin hukuma kuwa da gov.ng yake ƙarewa, na soja da mil.ng. Duba naka." Zomo ya duba, ya ga wata doguwar wutsiya da bai taɓa lura da ita ba. "Sannan ga Depot nan a garin nan, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Je ka bakin ƙofa ka tambaya ko ana sayar da fom. Soja da kwastam da 'yan sanda duk suna shela cewa neman aikinsu kyauta ne. Wa ya yi maka jarrabawa? Wa ya ga fuskarka? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Baba, ai na ga hotonsa da kaki."

"Ka taɓa jin muryarsa?"

Zomo ya yi shiru. Sau nawa yana kira ana kashewa, sai a rubuto masa cewa oga yana taro. Kunkuru ya ce wa Zomo ya rubuta wa ogan cewa kuɗi na hannu, amma Inna ta rantse ba za a tura ba sai ta ji muryar mai taimakon ɗanta ta yi masa godiya. Gizo ya ga dubu ɗari uku na shirin kuɓucewa, kwaɗayi ya rufe masa ido, ya danna ya yi magana:

"Yayo, tuyo kuɗin da shauyi, za a yufe!"

Duk wanda ke wurin ya san tsamin bakin nan. Kunkuru ya girgiza kai. Ya ce wannan muryar ya ji irinta lokacin MMM, da ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, ya sake jin irinta a CBEX cikin Afrilun 2025. Suna nan suna jimami sai ga saƙo ya shigo wayar Zomo daga bankinsa, lambobi shida, a bayansa kuma wani daga Zakin bogi yana cewa a turo lambobin don a buɗe masa asusun albashi. Bushiya ta dafe hannun Zomo. Ta ce lambar nan mabuɗin asusunsa ce, ko ma'aikacin banki ba ya tambayarta. Ta sa shi ya ruga banki a ranar ya faɗi duk abin da ya bayar.

Abin da ya fi wuya shi ne sauran shidan. Bushiya ta san su, ta aika aka kira su, huɗu suka ƙi zuwa. Barewa ta ce in mijinta ya ji ta sayar da ɗan kunnenta, aurenta ya mutu. Jaki ya ce shi da a yi masa dariya a majalisa gara ya haƙura. Ina tausayinsu ƙwarai, amma wannan kunyar ita ce katangar da Gizo yake kwana a bayanta. Zomo da wasu biyu ne suka ɗauki rasit da hotunan hirar, suka kai wa 'yan sanda, daga nan har ofishin EFCC na Kaduna.

Aka bi sawun asusun, aka kamo Kurege a Hayin Dogo yana wanke babur ɗin haya. Ya fashe da kuka. Shi ma aiki aka ba shi ta waya: ya ba da aron asusunsa, kuɗi su shigo, ya cire ɗaya bisa goma, ya tura sauran gaba. Bai taɓa ganin mai gidan nasa ba. Sunansa ne a takarda, BVN ɗinsa ne a banki, don haka shi aka tsare.

Zomo ya mayar wa Inna kuɗinta, ta fanso injinta da ƙari a kan abin da ta sayar. Dubu ashirin da biyar ɗin farko ba su dawo ba. Gizo kuwa tun daren ya karya layin, ya haye rufin ɗaki ya lafe. Bayan sati biyu ya sauko ya sayi wani. Saƙon da yake yawo yanzu na aikin kamfanin mai ne, gurbi ashirin, jibi za a rufe, kuma an riga an gan shi a Bomo da Basawa.

Ƙurunƙus kan kusu.