Amfilifaya, Lasifika da Ƙaurin da Ya Raba Su

Amfilifayar jita mai amfani da bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ɗaukar zafi irin su EL34 na cikin amfilifayar Marshall ko 6L6 na cikin ta Fender, ba ta iya tura sauti kai tsaye zuwa lasifika, domin bawul yana aiki ne da ɗaruruwan bolt, ita kuwa lasifika wuta mai yawa take bukata a kan bolt kaɗan, saboda haka ake sanya taransifoma a tsakaninsu. Ana naɗe wannan taransifoma ne bisa tsammanin wata turjiya takamaimiya, wato gwargwadon yadda lasifika ke tare wutar da ke kai da komowa a cikinta, ana kuma auna ta da om, sunan da aka aro daga masanin nan Bajamushe Georg Ohm, kuma wannan ne dalilin lambobin 4, 8 da 16 da ke bayan na'urar.

Sai dai akwai makaɗin da ya ginu a kan wata nazariyya ta daban, wadda ke cewa duk wayar da ta shiga rami ta dace da shi. Irin wannan malami, idan ya ari akwatin lasifika mai om 8 ya haɗa da nasa mai om 8, yakan yi lissafin firamare ya sami 16, ya murɗa maɓallin zaɓen om na amfilifaya zuwa can cikin natsuwa, alhali ramukan biyu da ya jona akwatunan a kafaɗa da kafaɗa aka haɗa su, haɗin da ke raba turjiya gida biyu ya bar ta a kan 4. Daga nan bawul kan fara aikin da ya fi ƙarfinsa, sauti ya shaƙe, shi kuwa gwanin ya ƙara murya, tun da a fahimtarsa na'urar ba ta gama ɗumama ba ce.

Mataki na biyu da makaɗin kan ɗauka ya fi na farko ɓarna, domin a nan ne yake zare wayoyin lasifikar duka biyu, na'ura tana kunne, sannan ya kaɗa tsirkiya da ƙarfi don ya ji inda matsalar take. Taransifomar da ba ta da inda za ta sauke wutarta tana kama da mutumin da ya banki ƙofa da dukan ƙarfinsa alhali a buɗe take: wutar kan juyo da baya da bolt mai yawan gaske, ta huda rufin wayoyin da aka naɗe, wani lokaci ta yi tartsatsi a gindin bawul. Abin da ke biyo baya shi ne shiru, sai siririn hayaƙi, sai ƙauri, sai kuma zargin maƙiya, wanda mai gyara kan rushe da shinshinawa ɗaya kafin ya faɗi kuɗin sabuwar taransifoma.

Saboda haka wajibi ne mai jita ya karanta lambar da ke bayan akwati kafin ya jona, ya daidaita ta da ta amfilifaya, kada kuma ya kunna na'ura mai bawul ba tare da lasifika ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.