Jinjina ga gwanayen rabon iska

A gaishe da kamfanonin wayar salula na Najeriya, gwanayen rabo, masu sayar wa mutum dubu abin da ba zai ishi ɗari ba, kuma kowa ya biya da hannunsa yana godiya. Irin wannan baiwa ba a barin ta ta wuce ba a yaba ba.

Hajar da suke sayarwa ta jama'a ce tun asali. Zangon iskar da ke ɗaukar murya da saƙo tsakanin waya da turken sadarwa dukiyar ƙasa ce, kuma tana da iyaka. Shi ya sa a watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjonta, aka tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. A Disambar 2021 aka sake yin gwanjon zangon 5G, MTN da Mafab kowanne ya ɗauki megahaz 100 a kan dala miliyan 273.6. Wanda ya sayi abu da awo haka ya san iyakarsa sarai. Abin burgewar shi ne yadda wannan sani bai taɓa hana su buɗe sabon shagon sayar da layi ba.

Dubi hikimar da aka zuba tun a tsohon tsarin GSM. Kowace tasha mai faɗin kilohaz 200 an yanka ta gida takwas, kowane mai kira yana samun gurbinsa sau ɗaya a cikin kowane zagaye, zagayen kuwa bai kai kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ba. Saurin ya sa kunne ba ya jin gibin. To idan mutane suka fi guraben yawa fa? Mai ƙaramin tunani zai ce a ƙara eriya, a kafa sabon turke. Gwanaye ba sa wannan ɓarnar. Akwai dabarar matse murya ta yadda mutum biyu za su zauna a gurbi ɗaya, ingancin sautin ya ragu, kuɗin minti kuwa ya tsaya inda yake. Direban motar haya da ke ɗora mutum biyu a kujerar gaba ya karɓi kuɗin kujera biyu, ashe ɗalibi ne a wannan makaranta. Idan ka taɓa jin muryar mahaifiyarka tana karkarwa ranar Sallah har ka ce ko ba ta da lafiya, kwantar da hankalinka, ƙila an ba ka abokin zama ne.

Da 3G ya zo sai aka ƙara ladabi. A wannan tsari kowa yana magana a zango ɗaya a lokaci ɗaya, muryar kowane mutum hayaniya ce ga sauran. Idan jama'a ta yi yawa, da'irar da turken ke iya ji sai ta tsuke, na gefe su faɗo waje. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya ɗaga musu murya. Manomin da ke bayan gari yana kan kira da dillalin hatsi, sai kawai layi ya mutu, ya ɗaga wayar sama, ya hau tudu, ya zargi batirinsa. Madalla da tsarin da ke hana mutum haƙƙinsa kuma ya bar shi yana tuhumar kansa.

A 4G kuwa abin ya kai maƙura. An daddatsa zango zuwa ƙananan yankuna masu kilohaz 180, guda 100 a cikin megahaz 20, kuma na'urar da ke jikin turken tana sake yin rabo sau 1,000 a kowace daƙiƙa. Wane alƙali ne ke yanke hukunci da wannan sauri? Tana duba wayar kowa, ta auna ƙarfin sabis ɗinsa. Wanda ke kusa da turke, mai sabuwar waya, yanki ɗaya yana ɗaukar masa kaya mai yawa. Wanda ke nesa, ko yake can cikin lungun shaguna a ƙarƙashin kwano da siminti, ko da an ba shi yankuna daidai da na wancan, abin da zai kwasa ɗan kaɗan ne. Injiniyoyi ba su yi laifi ba, haka iska take, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu kada a manta da na nesa gaba ɗaya. Yabon na masu tsara farashi ne, da suka ga bai dace a bambanta talaka da mai hali ba: gigabait ɗin da ke sauka kamar ƙiftawar ido a Maitama da wanda ke rarrafe a tsakiyar Kantin Kwari da azahar kuɗinsu ɗaya. Kuma idan wata ya cika mai rarrafen bai iya cinye nasa ba, wa'adi ya ƙare, ya sake sabunta ko ya yi asara. Mai POS da ke tsaye da abokin ciniki, na'ura tana juyawa, layi yana tsawo, ana kallonsa kamar ɓarawo, shi ma ya samu rabonsa na wannan daidaito.

Kada a ce ba su da tausayi. Akwai garaɓasar dare, data mai arha daga sha biyu zuwa asuba, lokacin da turke ya zama wayam. Ɗalibar da rana ta hana ta sauke littafi an ba ta dama ta sayar da barcinta.

Suna da kuka, kuma kukan gaskiya ne: tsadar man janareta, satar batira, masu aikin titi da ke tsinka wayar ƙarƙashin ƙasa, harajin jihohi kashi-kashi, faɗuwar naira. Duk wannan ya isa ya rage wa mutum ƙarfin gina turke. Ikon Allah, bai taɓa rage ƙarfin talla ba.

Hukuma ma ta cancanci nata kason na jinjina. A 2012 ta ci tarar manyan kamfanoni huɗu naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis. Kuɗin ya shiga asusun gwamnati, wanda kiransa ya yanke ya samu ladan karanta labarin a jarida. A 2014 ta sake cin tarar uku daga cikinsu, har ta hana su sayar da sabon layi na wata guda, wato ta gane da kanta cewa cutar ita ce lodi fiye da ƙima. Wata ya ƙare, aka ɗora daga inda aka tsaya. A Janairun 2025 ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, da alkawarin sabis zai gyaru. Ƙarin ya iso kowace waya cikin 'yan makonni, birni da ƙauye, na kusa da turke da na nesa, ba tare da cunkoso ko yankewa ba. Ashe akwai saƙon da hanyar ke iya isarwa ga kowa a kan lokaci.

Kowane kamfani yana ganin lodin kowane turke nasa sa'a bayan sa'a, ya san unguwar da ta shaƙe tun bara, ya san ƙauyen da eriya ɗaya ke ɗauke da shi da maƙwabtansa. Da a ce ana liƙa wannan lissafi a ƙofar shagon sayar da layi, da mai saye ya san gurbin da zai shiga kafin ya miƙa kuɗinsa, wataƙila ma ya fasa. Sun raba mu da wannan damuwa, sun riƙe lissafin a ofis, sun bar mu da sanduna huɗu a goshin waya da saƙon da ya ƙi tafiya. Sannunku da ɗawainiya, ranku ya daɗe.