Zafin da Surukina Ya Samu a Jos

A Kano ba mai taɓa jan maɓallin nan na hita. Zafin da Allah Ya ba mu ya ishe mu. Sai ga ɗaurin aure a Jos cikin Disamba, ni ne direba, surukina a kujerar gaba. Muna wuce Saminaka da asuba muku-muku ya fara ratsa Golf ɗina 'yar Kwatano.

"Baba, yanzu za ka ga aikin Jamus," na ce, na murɗa maɓallin har ƙarshe.

Iska ta feso, sanyi ƙalau. Baba ya ja rawani ya rufe hanci. "Gas ɗinta ne ya ƙare," in ji shi.

Bakaniken da muka samu a Jos ya yi dariya har da riƙe ciki. Hita ba ta shan gas. Ruwan zafin inji ne ke bi ta tiyo biyu ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta hura zafin cikin mota. Ya duba ruwa, cike yake. Ya leƙa allurar zafi, tana kwance abinta.

"Alhaji, ina tamostat ɗinka?"

Ashe tuni wani gwani ya cire shi ya yar, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Alhali shi ke tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 90 kafin ya sake shi zuwa babban lagireto. Aka sa sabo, allura ta miƙe, na gyara hula. Iska dai tana nan yadda take.

Ya sake cusa kai cikin bonet, ya fito da salati. Tiyon nan biyu an ɗaura musu aure da juna, ruwa na zagayawa bai ko gaisa da hita ba.

"Ba a yin haka banza," ya ce.

"Mayar da su, kuɗina ne."

Ya mayar. Minti kaɗan gilashi ya yi hazo, sai ga jan ruwa mai tsatsa, tafasasshe, yana tsiyaya kan takalmin Baba. Rabon da in ga dattijo ya yi tsalle irin wannan tun ina yaro.

Ɗan lagireton a fashe yake, kuma sai an kwance dashbod ɗungurungum kafin a kai gare shi. Da na ji kuɗin, na tambayi hanyar Terminus, inda ake sayar da barguna gwanjo. Baba kuwa ya ce kada in wahalar da kaina, yana da ɗan uzuri a tasha.