Taliyar Sin ta Sauka a Magami

Masu bidiyon girki sun rantse minti 5 ya isa a soya taliya irin ta mutanen Sin. Gaskiyarsu. Sun dai manta ba su lissafa da hura icen da damina ta jiƙa ba.

Ga kayan aiki: karas, kabeji, albasa, citta, tafarnuwa, sai wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken suya. A nan gizo ke saƙar. Waken nan mu muke nomawa, buhu-buhu ake lodawa mota. Amma ruwansa sai an aika Gusau, ɗan kwalba kamar na turare, kuɗinsa ya fi na tiya. Uwargida ta duba, ta duba, ta jawo daddawa. Ai duk ɗiyan ruɓa ne.

Kaskon Sinawa mai zurfi kuwa, mai ƙosai ta riga su. Taliyar ma Indomie ce, asalinta Indunusiya, ana yin ta a Najeriya. Ba wanda ya tambaye ta fasfo.

Wajen ci ne rigima. An ce da tsinke biyu ake ɗauka. Aka aro na mai tsire. Maigida ya kama silin taliya, ya sulluɓe, ya sake kamawa, har aka kira Isha'i.

"Yaya, haka Sinawa suke ci kullum?" inji ƙanwarsa.

"Shi ya sa ba su da tumbi."

Ya wanke hannu, ya ce a miƙo yajin ƙuli.