Bakano, Zo Ka Ga Inda Aka Bar Ƙanƙara Ta Narke Da Gangan

Bakano, nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, ka sa yaron shago ya tsaya kusa da kai da ruwa a buta. Labarin asara na kawo maka, kuma na san zuciyarka ba ta ɗaukar irinsa. Ni Bazazzagi, ubangidanka, ba na so a ce ni na yi ajalin bawana.

A watan Disamba na 2015, lokacin da shugabannin duniya suka hallara a birnin Faris suna ja-in-ja kan ɗumamar yanayi, wasu mutum biyu suka sa aka sauke manyan curin ƙanƙara guda 12 a dandalin Panthéon, nauyinsu wajen tan 80. Kada ka zaci irin taka ce ta ruwan rijiya da ake ƙullawa a leda. Daga wani mashigin teku a Girinlan aka tsamo ta, kusa da birnin Nuuk, aka zuba a kwantenoni masu sanyi, jirgin ruwa ya kai ta Denmak, tirela ta ƙarasa da ita Faransa. Da ta iso suka jera ta zagaye kamar fuskar agogo, suka ja gefe suka harɗe hannu. Ba wanda ya rufa mata buhu, ba wanda ya barbaɗa mata dusar katako, ba wanda ya ce nawa za a saya. Ta yi ta ɗiga, ruwan ya bi kwata.

Sannu. Sha ruwa.

Na san lissafin da ka fara. Ai na gan ka da idona a azumin da ya faɗo cikin zafin Afrilu, bayan la'asar, kana tsaye kan yaron da ke yanka maka ƙanƙara da zarto. Duk ɗigon da ya sauka ƙasa sai ka bi shi da ido kamar ɗanka ne ya faɗa rijiya. Kana ta faɗa: rufe buhun, kai, rufe buhun! Ni da na zo maka shan ruwa, gutsuren da ka jefa mini a kofin zoɓo ko farcen jariri ya fi shi girma.

To bari in gaya maka ko su wane ne waɗannan maɓarnata. Na farko Olafur Eliasson, mai fasaha ne haifaffen Denmak, iyayensa mutanen Aisilan. Shi ne a 2003 ya rataya ranar jabu, ta fitilu da madubi, a cikin gidan nune-nunen Tate Modern na Landan, Turawa suka yi ta tururuwa suna kwanciya a ƙasa suna kallonta. Rana fa, Bakano, wadda kake zagi kullum a Kantin Kwari. Na biyu Minik Rosing, farfesa ne masanin duwatsu a Jami'ar Copenhagen, ɗan asalin Girinlan, wanda ya yi suna da gano alamun rayuwa a duwatsun Isua masu shekara biliyan 3.7. Aikin nasu suka raɗa masa Ice Watch, sunan da ke nufin agogon ƙanƙara, yake kuma nufin zuba mata ido. Sun fara a Copenhagen a 2014, suka yi na Faris, sannan na Landan a 2018 da curi 30: guda 24 a gaban Tate Modern, 6 a ƙofar ofishin Bloomberg, a unguwar masu hada-hadar kuɗi. Ka ji, har attajiransu sun sa hannu a abin da zai narke. Ku kam ko gini ne sai kun tambayi shago nawa zai fitar.

Me ya haɗa mai fasaha da farfesa? Mu mutanen Zariya, da muka tashi muna ganin sashen zane da na kimiyya a harabar jami'a ɗaya, ba mu sha wuyar ganewa ba. Kai zan bi da kai a hankali. Farfesa yana da alƙaluma. 'Yan'uwansa masana sun auna sun ga Girinlan tana asarar ƙanƙara sama da tan biliyan 200 a shekara, a matsakaici. Amma faɗi wannan a rediyo ka ga: mutum zai ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin gurasarsa. Biliyan 200 ba ya shiga kai, ko kan Bakano ne. Shi kuma Eliasson bai auna komai ba, amma ya san yadda ake tsayar da mai wucewa. Mutanen Landan sun zo sun dafa ƙanƙarar da tafin hannu, wasu sun rungume ta, wasu har lasa suka yi. Waɗanda suka kara kunne suka ji tana ƙas-ƙas a hankali.

Wannan ƙarar ita ce inda aikin farfesa ya fito. Dusar ƙanƙara ce ta yi ta zuba, wata kan wata, shekaru dubbai, ta danne iska a cikinta ƙwaya-ƙwaya. In ta narke sai ƙwayoyin su fashe, iskar da aka kulle tun kafin a ƙera injin farko ta fito. Da irin waɗannan ƙwayoyi masana suka gane cewa iskar kabon da ke sararin sama kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ce cikin miliyan, yau kuwa ta haura 420. Ba don masanin ba, da mai kallo ya ga ƙanƙara kawai ya wuce. Ba don mai fasahar ba, da wannan bayani yana can a mujallar da mutum ɗari ke karantawa.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya, kada ka saba. Masu suka sun ce yaya za a ƙona mai a jirgi da tirela don a yi wa mutane wa'azin ƙona mai? An ma yi lissafi, jigilar Faris ta fitar da hayaƙin kabon kimanin tan 30. Masu aikin suka ce ƙanƙarar da suka kwaso ta riga ta ɓalle tana yawo a ruwa, da ma narkewa za ta yi, kuma hayaƙin daidai yake da na fasinja 30 da suka je Girinlan a jirgin sama suka dawo. Ni dai na karɓi rabin wannan amsa. Sauran rabin na bar maka, tunda ƙorafin kuɗin mota gadonku ne.

Amma ka san abin da ya fi ba ni dariya? Duk cikin masu kallon nan babu wanda ya dace da wannan aiki kamarka. Bature ya taɓa, ya ɗauki hoto, ya tafi shan shayi. Abin da Eliasson ya kashe kuɗi yana nema shi ne mutumin da zai ga ƙanƙara tana narkewa ya ji cikinsa ya ƙulle, ga ka nan kyauta, Allah ya yi ka da haka. Da ni ne su, kujera zan sa maka a tsakiyar agogon, a bar ka kana salati kana kiran a kawo buhu. Kafin azahar an sa hannu a yarjejeniyar ɗumamar yanayin.

Kuma kada ka ce ina ruwan Kano da teku. In ƙanƙarar Girinlan ta narke duka, ruwan teku zai tashi wajen mita 7. Ba gobe ba ne, ba jibi ba, amma tun kafin a kai ko kusa da nan, tambayi kanka ta ina kwantenar atamfarka take shigowa. Apapa dai ba kan Dutsen Dala take ba.

Ga abin share hawaye. Shi Rosing ɗin yana da wata harka da na san za ta tashe ka zaune. Ƙanƙarar Girinlan tana niƙa duwatsun da ke ƙarƙashinta su zama gari mai laushi, ruwa ya kwaso ya jibge a bakin teku. Ya ce garin nan taki ne, kuma an gwada shi a gonakin masara a Gana, amfani ya ƙaru. Na ga idonka ya buɗe. Kafin ka fara tambayar nawa buhu da wa ke da lambar farfesa, ka tuna watan cika-ciki ya wuce ban ga kuɗin sharata ba. Ka aiko da su, ka haɗo da ƙanƙara curi guda, wadda za ta iso Zariya da sauran jikinta.