Ɗabaƙoƙin Malaman Tarihi a Majalisar Galtimari

Duk wanda ya lazimci majalisar bayan la'asar a Galtimari, inda malaman Jami'ar Maiduguri kan shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro idan sun taso daga aiki, ba zai jima ba zai fahimci cewa ma'abota ilmin tarihi, ko da yake alkyabba iri ɗaya suke yafawa ranar yaye ɗalibai, ɗabaƙoƙi ne mabambanta.

Akwai ma'abocin isnadi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tantance Girgam, wato jerin sarakunan Borno na dauri, har shakka ta zame masa ɗabi'a. In ka ce Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, sai ya gyara tabarau ya ce daga wa ka ji, kuma an ruwaito cewa ranar da uwargida ta sanar da shi gero ya ƙare, sai da ya nemi shaidu biyu adilai.

Sai wanda Rabe ke ciyarwa. Sojojin Faransa sun kashe Rabe a Kusuri tun 1900, amma har gobe shi ke cefane a gidan wannan bawan Allah, domin kundin digirinsa na uku guda ɗaya tak ya yi ta yanyankawa kamar mahauci da cinyar sa, yau maƙala a kan dawakin Rabe, gobe a kan harajinsa, jibi a kan fadarsa ta Dikwa, har masu ƙidayar maƙaloli, waɗanda ƙirga suka iya ba karatu ba, suka hau da shi matakala bayan matakala zuwa kujerar farfesa. Ni kam ban ga laifinsa ba, tunda Rabe ya ci na mutane da yawa.

Wani kuma ba shi da abokin gaba sai Palmer, tsohon Razdan na Borno, wanda yakan yi wa raddi a kowane darasi, alhali littafin Palmer na 1936 shi ne matashin kansa. Wanda ya zama shugaban tsangaya kuwa, tarihin da ya rage masa shi ne na zaman kwamiti.

Amma wanda na fi ƙauna shi ne mai littafin da ke tafe. Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta labarin shekaru goma sha biyu na farkon mulkin Mai Idris Alauma da alƙalamin kara da tawada, ba lantarki, ba kuɗin bincike; shi kuwa namu, tun muna samari yake yi mana bushara da mujalladi uku, sai dai yajin aiki, da zafin bazara, da gara, ba su bar shi ba. Ranar walimar ritayarsa, da ya cika saba'in, wani tsohon ɗalibinsa ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina littafi?"

Ya shafa gemu ya ce, "Yana wurin mai keken rubutu."

Mai keken rubutun nan kuwa, Allah ya jiƙansa, da mu aka yi masa sadakar arba'in tun kafin zuwan wayar salula.